Nonon Dabino A Masallacin Annabi: Haƙƙin Talaka A Kayan Lambu Da Rumbun Abinci Na Unguwa

 

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya tsakanin watan Janairu da Maris, lokacin da tumatirin noman rani na Kadawa da Kura ya nuna, ya san yadda kasuwar Kwanar Gafan take cika da kwanduna. A irin wannan lokaci farashi yakan faɗi har manomi ya rasa mai tayawa, abin da ya kwana biyu a rana ya fara ruwa, daga ƙarshe a zubar. A garuruwan da motocin kayan gwari suke ratsawa kuwa, akwai gidajen da ake yin makonni ba a ga jar miya ba. Abin ya ƙara tsananta bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024.

Al'ummarmu ba ta rasa masu kyauta ba. Sai dai taimakon da muka saba yana da giɓi uku: galibinsa hatsi ne tsura, galibinsa a watan azumi ne, kuma a rana ɗaya ake tara jama'a a raba. Illar wannan tarin ta bayyana a watan Disambar 2024, lokacin da fiye da mutum 60 suka rasu a turmutsutsun rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija. Yunwa ba ta jiran Ramadan, kuma jikin yaro ba ya ginuwa da tsaba kaɗai.

Yadda aka yi a Madina

Tirmizi ya ruwaito daga Bara'u ɗan Azib (RA) cewa mutanen Madina masu gonakin dabino sukan kawo nonon dabino, wato reshen da 'ya'yan suke jere a jikinsa, su rataye a masallaci, kowa gwargwadon abin da gonarsa ta ba shi. Ahlus Suffa, talakawan sahabbai da suke kwana a masallacin, idan yunwa ta kama ɗayansu sai ya je ya bugi nonon da sanda, abin da ya zubo ya ci. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci duk wanda ya girbe wusuƙi goma na dabino ya rataye nono ɗaya a masallaci saboda miskinai.

A lura da tsarin. Abincin sabo ne, daga gona yake zuwa kai tsaye. Wurinsa sananne ne. Mabuƙaci ba ya roƙo, ba ya bin layi, bai ma san wanda ya kawo ba, balle ya sunkuyar da kai idan sun haɗu.

Ruwayar Bara'u ta ci gaba da cewa wasu sun riƙa kawo ƙeƙasasshen dabino marar kyau suna ratayewa. A kan haka aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta sauka, tana umartar muminai su ciyar daga masu kyau na abin da suka samu da abin da Allah Ya fitar musu daga ƙasa, tana kuma hana su nufin mummunan da su kansu ba za su karɓa ba sai sun runtse ido. Daga nan sahabbai suka koma kawo mafi kyawun abin da suke da shi. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko ga duk mai son tara wa talakawa kayan lambu: rumbun sadaka ba juji ba ne.

Shin kayan lambu suna da zakka?

Yawancin manomanmu sun san zakkar hatsi: nisabinta wusuƙi 5, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya bisa goma idan ruwan sama ne ya shayar, ko rabin haka idan da wahala da kuɗi aka yi ban-ruwa. Sun kuma san cewa a mazhabar Imamu Malik babu zakka a kan tumatir da albasa da alayyahu da makamantansu, domin ba abinci ba ne da ake dogara da shi kuma a adana. Wannan gaskiya ne. Kuskuren shi ne ɗaukar cewa tunda babu zakka, to babu haƙƙi.

Da farko, Imamu Abu Hanifa yana ganin wajabcin zakka a kan duk abin da aka noma don amfanin ƙasa, har da kayan lambu. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda ya rasu a shekara ta 543 bayan Hijira, babban malamin Malikiyya ne, amma a littafinsa Ahkamul Ƙur'an ya ƙarfafa ra'ayin Abu Hanifa a wannan mas'ala. Na biyu, aya ta 141 ta Suratul An'am ta yi umarni da bayar da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa, kuma wasu magabata, kamar Mujahid, sun fassara shi da wani haƙƙi daban da zakka, wanda ake bai wa miskinan da suka halarci girbi. Na uku, Suratul Ƙalam ta ba mu labarin masu gonar da suka yi rantsuwa za su yi sammakon girbi don kada miskini ya shigo musu, sai suka wayi gari gonar ta ƙone ƙurmus. Kakanninmu da suke barin kala a gona, suke aika ƙwaryar kuɓewa gidan maƙwabci, sun fahimci wannan tun kafin mu karanta shi a littafi.

Abin da wasu suka tsara

Wannan aiki na haɗa rarar abinci da mai buƙata, wasu al'ummomi sun mayar da shi tsayayyen tsari. A shekarar 1967 wani mutum mai suna John van Hengel ya kafa bankin abinci na farko a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka, bayan ya gano yawan lafiyayyen abincin da kantuna suke zubarwa. A yau ƙungiyar Feeding America tana haɗa bankunan abinci kimanin 200. Bankin shi ne babban sito da yake karɓar kaya daga manoma da kantuna, sannan ya rarraba wa ƙananan ɗakunan rabo na unguwanni, waɗanda da yawansu a coci-coci da makarantu da masallatai suke. Musulmin can ma suna ciki; ƙungiyar ICNA Relief tana gudanar da irin waɗannan ɗakuna a jihohi da dama. A Faransa kuwa, dokar 2016 ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai ɓaci ba, ta wajabta musu miƙa shi ga ƙungiyoyin agaji.

Abin koyi a nan shi ne dawwama da tsari: rana sananniya kowane mako, rajistar gidaje, da lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita. Asalin kuwa muna da shi tun daga Madina.

Yadda masallacin unguwa zai fara

Ba a buƙatar miliyoyi. Ana buƙatar kwamiti ƙarami na amintattu, kuma lallai a sa mata a ciki, domin malamar Islamiyya da ungozoma sun fi liman sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. Aya ta 273 ta Baƙara ta siffanta mabuƙatan da wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kai. Irin waɗannan ba za su zo layi ba. Sai an neme su, an kai musu bayan Magariba cikin sirri.

Sai a zauna da shugabannin 'yan gwari da masu lambu, a yi yarjejeniya: kwando ɗaya a mako daga mai hali, da abin da ya rage a tashin kasuwa matuƙar lafiyayye ne. Matasan masallaci su kwaso da yamma, su tsince, a raba washegari da safe. A fara da gida 20 ko 30 da za a iya riƙewa duk shekara. Ya fi gida 500 na rana ɗaya.

Rashin wutar lantarki ba uzuri ba ne. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba. Lokacin araha kuma a yanka tumatir a shanya a kan tabarma mai tsabta, a ajiye kauɗa don damina. Ruwan alwala da yake malala a kwata zai iya rayar da zogale da gwanda a harabar masallaci.

A kiyaye abu uku. Kada a cakuɗa kuɗin zakka da na sadaka, domin zakka tana da masu cinta takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade, sadakar ganin dama kuwa tana halatta har ga maƙwabcin da ba Musulmi ba. Kada a ɗauki hoton mai karɓa a watsa a Facebook, domin gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Kuma a karanta wa jama'a lissafi duk wata, kada a bar ƙofar zargi a buɗe.

Ya kai mai lambu, ya kai ɗan kasuwa, ya ku ɗalibai masu ƙarfin ɗaukar kwando, masallacin unguwarku ba zai rasa kusurwar da za a ajiye wannan amana ba. Allah Ya sa albarka a gonakinmu da kasuwanninmu, Ya yaye wa bayinSa ƙunci, Ya karɓi ɗan abin da muka bayar. Wallahu a'alam.