Gonar Da A Ke Nomawa Cikin Kwamfuta

Kowane manomi a Mahuta, can ƙasar Fakai cikin masarautar Zuru, ya san irin yaudarar ruwan fari. Hadari ya kan haɗo, a sheƙa ruwa har ƙasa ta jiƙu, mutum ya ɗauki irinsa ya shuka. Sa'an nan sama ta ɗauke kwana goma sha biyar ko fi, tsiro ya ƙone, iri ya tafi a banza. Wanda kuwa ya ji tsoro ya dakata ƙwarai, sai ruwa ya janye masarar tasa ba ta gama goyo ba. Ga takin zamani da tsada, galibi ma da bashi a kan saye shi.

To, masanan aikin gona sun samo wata dabara ta gwada shuka ba tare da an zuba ko ƙwaya ɗaya a ƙasa ba. Watau su kan gina gona ta lissafi cikin kwamfuta. A kan ba na'urar labarin ruwan da aka yi kowace rana, da zafin rana da sanyin dare. A gaya mata zurfin ƙasar wurin da yawan ruwan da ta ke iya riƙewa, da halin irin da za a shuka, kamar kwana nawa ya kan yi kafin ya nuna. Daga nan sai ta riƙa lissafa girman shukar rana rana, tun daga tsiro har girbi, ta faɗi abin da eka za ta bayar. In an so a sake ranar shuka, ko a rage taki, sai a sake, ta kuma lissafawa. Daminar shekara ashirin ko talatin da suka wuce duk ta kan nome su kafin shayi ya huce. Manomi kuwa gwaji ɗaya tak Allah ya ba shi a shekara.

Abin ya daɗe. Wani masani a ƙasar Holan, C. T. de Wit, yana cikin waɗanda suka fara shi wajen 1965. A 1986 aka fito da lissafin masara mai suna CERES-Maize a Amurka, daga baya aka haɗa shi da na sauran amfanin gona cikin tsarin da a ke kira DSSAT.

A nan Arewa ma an gwada. Cikin 2014 da 2015 malaman Jami'ar Bayero ta Kano, tare da ma'aikatan IITA, suka shuka masara iri 20 a gonar jami'ar da ta Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Ɗambatta, rani da damina, suna auna kome don su koya wa na'urar halin kowane iri. Sa'an nan suka je gonakin manoma a Bunkure da Garun Malam da Tudun Wada da Lere, suka shuka a lokatai dabam dabam, don a ga ko abin da na'ura ta faɗa ya yi daidai da abin da aka auna a mudu. Ya zo kusa ƙwarai. An buga sakamakon a 2017.

Amma fa kada manomin Mahuta ya ɗauki ranar da aka tsayar wa Bunkure ya ce tasa ce. Ƙasar Zuru ƙasar duwatsu ce, ruwa ya kan riga sauka can kafin Kano, kuma gonar gindin dutse dabam ta ke da ta fadama. Na'ura ba ta duba, abin da aka ba ta shi ta ke tauna. In ma'aunin ruwan da aka dogara da shi yana nesa da gonar, ko malamin da ke rubutawa ya yi ƙiwa ya cika littafi da ka, lissafin duka ya tashi aikin banza. Har ila yau yawancin irin wannan lissafi bai san da ƙuduji ba, balle tsuntsu ko shanun da suka faɗa gona da dare, ko rashin zaman lafiyar da ke hana mutum zuwa noman fari a kan kari.

Tun 2020 Kwalejin Aikin Gona ta Zuru ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya. Aikin da ya kamace ta a nan ba mai wuya ba ne: a kafa ma'aunin ruwa a Mahuta da ƙauyukanta, a haƙa ƙasa a auna, a gwada dawar gida da masarar da mutane su ke shukawa da kansu, kamar yadda aka yi a Ɗambatta.