Yadda mota take shaƙar iska

Tamale babban birni ne a arewacin Gana. Garin Dagombawa ne, amma akwai Hausawa da yawa a Zango. Ta nan motoci suke bi zuwa Bolgatanga da Burkina Faso. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan kwaso ƙura daga hamada ta lulluɓe garin. Mutane suna tari. Motoci ma suna shan wahala, domin su ma iska suke shaƙa.

Me mota za ta yi da iska? Wuta ba ta ci sai da iska, shi ya sa maƙeri yake zuga. To, cikin injin mota ma wuta ce take ci. Kafin lita 1 ta fetur ta ƙone, sai injin ya zuƙi iska wajen lita 9000.

Iskar tana shiga ta wani bututu a gaban mota, ta faɗa cikin wani akwati. A nan matacin iska yake. Da takarda mai kauri ake yin shi, a nannaɗe ta kamar mafici. Aikinsa irin na rariya ne: iska ta wuce, ƙura ta tsaya.

Daga nan iskar takan iske wata ƴar ƙofa. In direba ya taka totur, ƙofar ta buɗe sosai, iska ta shiga da yawa, mota ta ƙara gudu. In ya ɗaga ƙafa, ƙofar ta kusa rufewa. A tsofaffin motoci, kafireta ce take gauraya iska da fetur. A sababbi kuwa, wata na'ura ce take auna iskar, a fesa mata fetur daidai gwargwado. Sai fistin ya matse su, fulogi ya kunna wuta.

In ƙura ta toshe mataci, injin ba ya samun isasshiyar iska. Mota ta rasa ƙarfi. Mai kafireta kuma ta riƙa shan mai tana fitar da baƙin hayaƙi. Wani direba yakan cire matacin ya ajiye, wai don mota ta sha iska. Wannan ganganci ne! Ƙurar da ta shiga injin takan gauraya da baƙin mai, ta dinga cin ƙarfe kamar yadda yashi yake kankare tukunya.

Shi ya sa a lokacin hunturu makanikan Tamale sukan buɗe akwatin, su ɗaga matacin su duba shi a hasken rana. In haske ba ya ratsa takardar, sai a saka sabo.