Abin da ya sa ake binciken kufai kafin a sauya kwalbati a Amurka

A jihar Washington da ke arewa maso yammacin Amurka, ba katafila ce ke fara isa wurin da za a sauya kwalbatin babbar hanya ba. Galibi wasu mutane ƙalilan ne ke riga ta, ɗauke da shebur da rariya: masana ilimin kufai, masu neman abin da mutanen da suka shuɗe suka bari a ƙarƙashin ƙasa.

A shekarar 2013 kotun tarayya ta umarci jihar da ta gyara ɗaruruwan kwalbatocin da ke tare wa kifin salmon hanya, bayan ƙarar da ƙabilun asali suka shigar bisa yarjejeniyoyin kamun kifi da aka ƙulla da su tun shekarun 1850. Shi kuwa kwalbati a kan ruwa yake, kuma bakin ruwa ne mazaunin ɗan Adam tun fil azal. Mai karatu a Najeriya zai tuna kwalekwalen Dufuna mai shekara kusan 8,000, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya kusa da kogin Komadugu Gana. Haka rafukan Washington suke. Kakannin waɗannan ƙabilu sun zauna a gaɓarsu. Ga shi sabon kwalbati yakan fi tsohon faɗi, don haka haƙan zai ci ƙasar da ba a taɓa motsawa ba.

Doka ma ta tanadi hakan. Sashe na 106 na dokar adana wuraren tarihi ta 1966 ya wajabta wa duk hukumar tarayya da ke ba da kuɗi ko izinin aiki ta duba illarsa ga wuraren tarihi, ta kuma tuntuɓi ofishin jiha da ƙabilun da abin ya shafa.

Binciken kan fara ne daga tsoffin taswirori da bayanan da aka adana. Daga nan a bi wurin da ƙafa, a haƙa ƙananan ramuka jefi-jefi, a rairaye ƙasar da rariya mai ido kamar milimita 6. Ba zinariya ake nema ba. Ɓarɓashin dutsen da aka sassaƙa, gawayi, ƙashin kifi, duwatsun murhu da wuta ta fasa, su ne shaidar cewa an zauna. Darajarsu kuma tana cikin inda aka same su: zurfinsu da abin da ke kusa da su. Da zarar katafila ta yamutsa ƙasar, wannan bayani ya tafi ke nan, ko da an tsince kayan daga baya.

Idan ba a ga komai ba, aiki ya ci gaba, da sharaɗin a dakata in wani abu ya ɓullo. Idan an gani, ko a karkatar da aikin, ko a tono kayan a tsanake tukuna.

'Yan kwangila kan ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci, amma jihar ta riga ta ɗanɗana kuɗar binciken da bai yi zurfi ba. A 2003 ma'aikatar sufurinta ta fara haƙa wani fili a Port Angeles domin ƙera sassan gadar Hood Canal, bayan binciken farko bai gano komai ba. Ashe a ƙarƙashin filin akwai Tse-whit-zen, tsohon ƙauyen ƙabilar Klallam mai shekara kusan 2,700, da maƙabartarsa. An tono gawawwaki fiye da 300 a gaban idon jikokinsu. A watan Disambar 2004 jihar ta haƙura da wurin bayan ta kashe kusan dala miliyan 60, aka mayar da aikin birnin Tacoma.