Haɗa Digirin Adabin Turanci Da Horon Mataimakin Lauya: Ina Ribarsa Ga 'Yan Kasuwa?

A ƙasashen Amurka da Ingila da Kanada, ba baƙon abu ba ne a ga ɗalibi yana karatun adabin Turanci a jami'a, a lokaci guda kuma yana karɓar horon zama mataimakin lauya. Da yawa daga iyayen da suke biyan kuɗin makaranta za su ɗauki wannan haɗi a matsayin gambiza, domin ba su ga abin da ya haɗa waƙa da wasan kwaikwayo da takardun kotu ba. Amma idan aka duba irin aikin da ofisoshin lauyoyi suke biyan kuɗi a kansa, za a tarar cewa mafi yawansa karatu ne na natsuwa da rubutu mai tsabta.

Mataimakin lauya ma'aikaci ne da aka horar a kan shari'a ba tare da an rantsar da shi lauya ba. Shi ne yake binciko hukunce-hukuncen da suka gabata, ya tsara daftarin yarjejeniya, ya tattara takardun shaida, ya kuma lura da ranakun da kotu ta ƙayyade. Dalilin samuwarsa na tattalin arziki ne, wato rabon aiki: sa'ar lauya tana da tsada, saboda haka ba hikima ba ne a kashe ta a kan abin da wani zai yi da kyau a kan kuɗi kaɗan. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta fara tantance makarantun da suke ba da wannan horo tun cikin shekarun 1970, kuma a 1989 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince cewa ana iya lissafa aikinsu bisa farashin kasuwa a cikin kuɗin shari'a. Lardin Ontariyo na Kanada ya shigo da tsarin ba su lasisi a 2007, har suna iya tsaya wa mutum a ƙananan kotuna. A Ingila kuwa, tsarin jarrabawar lauyoyi da aka shigo da shi a 2021 ya yarda a ƙirga aikin mataimakin lauya cikin shekaru 2 na gogewa da ake bukata.

To, ina adabi ya shigo? Ɗalibin adabi yana shafe shekaru yana koyon abu guda: ya tsaya a kan jimla, ya tambayi me ta ce, me kuma za a iya fahimta daga gare ta wanda marubucin bai nufa ba. A harkar ciniki, wannan tambaya kuɗi ce. A 2017 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci tsakanin kamfanin madara na Oakhurst Dairy da direbobinsa a jihar Maine. Dokar jihar ta jera ayyukan da ba a biya musu kuɗin ƙarin lokaci, amma babu waƙafi kafin abu na ƙarshe, sai ya zama ba a san ko rarraba kaya aiki ne mai zaman kansa ba, ko kuwa ɗaure kayan da za a rarraba kaɗai ake nufi. Direbobin suna rarrabawa, ba sa ɗaurewa. Kotu ta ce tun da akwai shubuha, a fassara ta yadda za ta amfani ma'aikata. A 2018 kamfanin ya yi sulhu a kan dala miliyan 5.

Shi kansa adabin bai taɓa yin nisa da kotu ba. Wasan Shakespeare mai suna The Merchant of Venice labarin rance ne da jingina, kuma shari'ar cikinsa ta juya ne a kan abin da takardar bashi ta ambata da abin da ta yi shiru a kai. Charles Dickens ma akawun ofishin lauyoyi ne a Landan a 1827 kafin ya zama marubuci, kuma littafinsa Bleak House ya bi diddigin shari'ar gado da aka yi ta ja har kuɗin kotu suka cinye dukiyar. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ganin rigimar magada ta rufe shago ba ya bukatar a yi masa sharhi.

Sai dai adabi shi kaɗai ba ya wadatarwa. Mai digirin Turanci bai san wa'adin shigar da ƙara ba, bai san bambancin jingina da sayarwa a idon doka ba. Horon mataimakin lauya ne yake ba shi wannan, shi ne kuma abin da mai ɗaukar aiki yake fara dubawa.

Batun yana da nauyi na musamman a Nijeriya, inda dokokin tarayya da hukunce-hukuncen manyan kotuna da takardun banki duk da Turanci ake rubuta su, alhali ɗimbin ciniki a Kwari da Dawanau da Mile 12 da Hausa ake ƙulla shi. Jami'o'in ƙasar sun daɗe da gane dangantakar, domin galibinsu suna neman sakamakon darasin adabin Turanci kafin su ɗauki ɗalibi karatun lauya. Har ila yau, dokokin kare waɗanda ba su iya karatu ba sun wajabta wa duk wanda ya rubuta takarda a madadin wani ya sa sunansa, ya kuma tabbatar an karanta wa mai ita an bayyana masa kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Kotuna sun fassara rashin iya karatu da rashin iya harshen da aka rubuta takardar da shi. Ke nan attajirin da ya ƙware a ajami da Larabci yana iya shiga wannan rukuni idan aka miƙa masa yarjejeniyar Turanci. Ma'aikacin da yake jin harsunan biyu, ya kuma san doka, shi ne zai cike wannan giɓi a cikin kamfani.

Ta fuskar lissafi, karatun lauya a Nijeriya shekara 5 ne a jami'a, sannan shekara 1 a Makarantar Horar da Lauyoyi, yayin da digirin Turanci yake ɗaukar shekara 4. Dokar Ba da Agajin Shari'a ta 2011 ta ambaci mataimakan lauyoyi, ta kuma ba hukumar agajin damar ba da lasisi ga waɗanda suka yi kwas ɗin da aka tsara. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wasu matakai: mutum ɗaya yana iya kafa kamfani, ƙaramin kamfani ba dole ne ya naɗa sakatare ba, kuma mai neman rajista ko wakilinsa yana iya sa hannu a takardar cika sharuɗɗa da a da sai lauya. Wannan ya faɗaɗa aikin da ƙwararren da ba lauya ba zai iya yi, kamar bin rajista da shigar da rahoton shekara da adana kwantiragi.

Amma akwai iyaka, kuma ƙetare ta yana da tsada. Dokar Aikin Lauya ta haramta wa wanda ba lauya ba ya karɓi lada don rubuta takardar da ta shafi fili ko gida, ko neman izinin rabon gado, ko takardun ƙara a manyan kotuna. Mataimakin lauya ba zai tsaya wa kamfani a babbar kotu ba. Ɗan kasuwar da ya ɗauke shi don ya guje wa lauya gaba ɗaya ya yi arahar da ba ta ado. Wanda ya ɗauke shi don ya karanta kowace takarda tun kafin a sa hannu, ya ware wadda sai an kai wa lauya, shi ne zai ga kuɗin shari'arsa sun ragu.

Wani abin lura ga iyaye shi ne manhajojin kwamfuta sun fara karɓe sashen aikin da ya fi sauƙi, irin su binciko takardu da tsara daftarin farko. Sashen da ya rage wa mutum shi ne duba abin da na'urar ta fitar, layi bayan layi. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun miƙa mata takarda mai ɗauke da hukunce-hukuncen da ChatGPT ta ƙirƙira, ba tare da wani a ofishin ya tantance su ba.