Dukushi da Ciwon Kofato: Dabarun 'Yan Barga a Ƙasar Wudil

Wudil, wadda ke bakin kogi a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, ta shahara da kasuwar dabbobi ta ranar Juma'a. A irin wannan ƙasa mai fadama kofaton doki yakan sha wuya iri biyu. Da damina laima da toroson turke kan ruɓar da tafinsa har ya yi wari, da rani kuwa sai ya bushe ya tsage.

Wahalar ta fi tsanani ga dukushi, domin bai saba ba da ƙafa ba. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki a ƙafafun gaba yake. Saboda haka in aka ɗaga lafiyayyar ƙafa, nauyin sai ya koma kan mai ciwon. Shurin da yakan yi a nan ba taurin kai ba ne, zogi ne.

Don haka gwanin ɗan barga yakan tsayar da shi a kan rairayi, wani na riƙe da ragama, ba linzami ba. Sai ya shafo shi daga kafaɗa zuwa ƙasa, ya ɗaga ƙafar kaɗan, ya kankare, ya ajiye tun kafin dukushin ya fizge. Ba a sa masa dabaibayi ko tarnaƙi sai in ya zama dole.

Hikimar ita ce, kofato yakan sabunta cikin kusan shekara guda, amma dukushin da aka kayar da ƙarfi yakan girma yana ƙin ba da ƙafa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.