Ruwan zafi a hunturun Arlit: mai tanki ko na gaz?

Da zarar watan Disamba ya kama, duk wanda ya tashi alwalar asuba a Arlit ko Akokan ya san ruwan randa ba abin wasa ba ne. Masu waina da ƙosai su ne ke fara shan wannan wuya. Ga kuma mai jego da ke neman ruwan zafi safe da yamma har kwana 40, itace kuwa a wannan hamada sai an ɗauko shi daga nesa, da tsadarsa. Shi ya sa masu sauraronmu a gidan rediyo suke ta tambaya game da na'urar ɗumama ruwa, wadda muke kira shofo: wanne ya kamata a saya?

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai tanki, da ke ɗumama lita 50 ko 80 da kuran ya ajiye. Akwai kuma na gaz, marar tanki, wanda ke ɗumama ruwan nan take lokacin da yake ratsa bututu. A Turai irin wannan har ɗakuna yake ɗumamawa, amma mu nan bargo ya ishe mu.

Mai saye yakan fara tambayar kuɗi. Mu a ganinmu famfon gida ya kamata a fara dubawa. Na gaz ba ya kunnuwa sai ruwa ya zo da ƙarfi. In famfonki na ɗiga ne kamar hawaye, ko kuwa daga tanoni kike ɗiba, to kin sayi kayan ado. In kuwa ruwan na da ƙarfi, ba ya ƙarewa a kan mutum na biyar, kuma ɗaukewar wuta ba ta dame shi ba, muddin mai batir ne. Sai dai a tuna, gaz ɗin daga matatar SORAZ ta Damagaram yake tasowa, wadda aka buɗe a 2011, kuma kowa ya san halin hanyar Agadas zuwa Arlit. Ranar da mota ta makara, babu wanka.

Mai tanki shi haƙuri gare shi. Wutarmu daga tashar kwal ta SONICHAR take zuwa, can wajen Cirozerin, kuma takan ɗauke. Amma ruwan da ya yi zafi da dare zai kai safe da ɗuminsa. Lissafinsa: lita 50 na cin kusan kilowat-awa 2 da rabi kafin su yi zafi sosai, wato wajen awa 2. A kashe shi da rana, kada takardar NIGELEC ta cinye ribar kasuwa. Tun da aka rufe COMINAK a watan Maris na 2021 ba kowane gida ke iya wannan nauyi ba, mun sani.

Abin da ya fi damunmu shi ne rai. Kada a kuskura a kafa na gaz cikin makewayi rufaffe. Hayaƙinsa ba launi, ba wari. Mutum ya ji jiri, ya faɗi, ba wanda ya ji motsinsa. A kafa shi a waje, inda iska ke kaɗawa. Mai tanki kuma dole a haɗa masa wayar ƙasa, kuma ma'aikacin da ya san aiki ya kafa shi, ba ɗan maƙwabta ba.

Wasu na sa maƙera su haɗa musu tanki baƙi a kan soro, rana ta yi aikinta kyauta. Dabara ce mai kyau ga wankan yamma. Amma a tambayi asalin ƙarfen. A 2003 masu binciken CRIIRAD daga Faransa sun tarar da ƙarafa masu gubar uranium ana sayarwa a Arlit. Tankin da ba a san inda ya fito ba, ko kyauta ne a bar wa mai shi.