Binciken taskar muryoyin ƴan gwagwarmaya ta intanet

Gabatarwa

A shekarar 1999 wasu ma'aikatan rediyo da ƴan gwagwarmaya na birnin San Faransisko, a ƙasar Amurka, suka tattara faya-fayai da kaset-kaset ɗin da aka ɗauka tun ƙarshen shekarun 1960, suka kafa wata taska mai suna Freedom Archives. Taskar tana riƙe da sauti da hoto na fiye da awa 12,000, wato jawabai, hirarraki, tarurruka da shirye-shiryen rediyo a kan gwagwarmayar baƙar fata, ta ƴan kaso, ta mata da ta ƴan asalin ƙasar. An saka jerin kayanta a intanet, don haka mai bincike yana iya duba shi daga ko'ina. Amma wanda zai saurari awa 8 kullum, sai ya yi kwana 1,500, fiye da shekara 4 ke nan, kafin ya ƙare. Saboda haka dole sai an yi nema, shi kuwa nema yana da ƙa'idodin da ya kamata a sani.

1. Abin da na'ura ke dubawa

Idan mai bincike ya rubuta kalma a gurbin nema, na'urar ba sautin take saurara ba. A yawancin irin waɗannan taskoki abin da take dubawa shi ne katin bayanin da wani ma'aikaci ya rubuta wa kowane faifai. Katin yakan ƙunshi sunan faifai, sunan mai magana, rana ko shekara, irin faifan, lambar ajiya, rukunin da aka sa shi, kalmomin jigo da taƙaitaccen bayani. Taskoki da yawa suna bin tsarin da ake kira Dublin Core, mai gurabe 15, wanda ya samo asali daga wani taro da aka yi a 1995 a garin Dublin na jihar Ohayo.

Abu biyu ne ke biyo bayan wannan. Na farko, faifan awa ɗaya yana iya samun bayanin layi biyar kawai. Duk abin da aka faɗa a minti na 40, in mai rubuta katin bai ambace shi ba, nema ba zai kai gare shi ba. Ke nan in sakamako ya fito babu kome, wannan ba hujja ba ce ta cewa maganar ba ta cikin taskar. Na biyu, ganin kati daban, jin sauti daban. Wani sashe ne kawai na faya-fayan aka juya zuwa tsarin kwamfuta. Sauran suna nan a kan zarensu na dā, kuma sai an rubuta wa masu taskar tare da lambar ajiya.

2. Sunayen mutane da na wurare

Da yawa daga cikin shugabannin gwagwarmayar baƙar fata sun canja suna, kuma canjin sunan ma wani ɓangare ne na gwagwarmayar. Stokely Carmichael ya koma Kwame Ture, ya zauna a ƙasar Gini har rasuwarsa a Konakiri a 1998. Marubucin nan LeRoi Jones ya koma Amiri Baraka, H. Rap Brown kuma ya koma Jamil Al-Amin. Faifan 1966 da na 1986 suna iya ɗauke da muryar mutum ɗaya a ƙarƙashin suna biyu, kuma wanda ya nemi suna ɗaya rabin abin kawai zai samu. Haka abin yake ga ƙasashe: jawabin goyon bayan ƴan yaƙin ƙwatar ƴanci da aka yi kafin 1980 yana iya shiga kati da sunan Rhodesia ko da sunan Zimbabwe, gwargwadon wanda ya rubuta. Bugu da ƙari, tilas a rubuta suna kamar yadda masu taskar suka rubuta shi da Ingilishi, domin rubutun Hausa na sunan ba zai buɗe kome ba.

3. Kalmomin zamani da na ɓangare

Kalma tana da zamaninta. A farkon shekarun 1960 ana kiran baƙar fatar Amurka Negro. Daga wajen 1966 kalmar Black ta yi rinjaye. A ƙarshen shekarun 1980 African American ta bazu. Wanda ya nemi kalmar yau kaɗai zai tsallake tsofaffin sunayen shirye-shirye. Kalma kuma tana nuna ɓangaren da mai ita yake. Abin da hukuma da jaridu da dama suka kira riot, wato tarzoma, ƴan gwagwarmaya sukan kira shi rebellion ko uprising, wato bore. Taskar da ƴan gwagwarmaya suka kafa da kalmominsu take rubuta katunanta. Dabarar da ta fi amfani ita ce a fara da suna ɗaya tabbatacce, a buɗe kati biyu ko uku, a kwashe kalmomin jigon da ke ciki, sa'an nan a sake nema da su. Ta haka mai bincike ke koyon harshen taskar daga taskar kanta.

4. Shekara da rana

Suna ɗaya yana iya nufin al'amari biyu. Wounded Knee, a jihar Dakota ta Kudu, nan ne sojojin Amurka suka yi wa mutanen Lakota kisan gilla a 1890, nan ne kuma ƴan ƙungiyar American Indian Movement da mutanen wurin suka mamaye har kwana 71 a 1973. Alcatraz gidan kaso ne da aka rufe a 1963, amma daga Nuwamba 1969 zuwa Yuni 1971 ƴan asalin ƙasar sun mamaye tsibirin, har John Trudell ya riƙa gabatar da shirin rediyo daga can ta tashar KPFA. Iyakance nema da shekara shi ke raba waɗannan.

Wani lokaci ma rana guda takan sauya ma'anar faifai. A ran 9 ga Satumba 1971 ƴan kaso fiye da 1,000 suka ƙwace wani sashe na gidan kason Attica, a jihar Niyu Yok, suka riƙe masu gadi, suna neman a kyautata halin zamansu. A ran 13 ga wata jami'an jihar suka shiga da bindigogi, ƴan kaso 29 da mutane 10 daga cikin waɗanda aka riƙe suka mutu. A ranar nan hukuma ta ce ƴan kason ne suka yanka waɗanda suka riƙe, kafofin labarai kuma suka yaɗa haka. Kashegari likitan da ya duba gawarwakin, John Edland, ya bayyana cewa harsashi ne ya kashe su, alhali ƴan kason ba su da bindiga. Don haka labarin da aka ɗauka da maraicen 13 ga wata da wanda aka ɗauka kwana biyu baya ba su da daraja ɗaya a matsayin shaida. Wanda ya ɗauko magana daga faifai bai duba ranarsa ba, yana iya raya ƙaryar da aka riga aka ƙaryata tun 1971. Ya kamata kuma a rarrabe ranar ɗaukar magana da ranar watsa ta, domin shirin tunawa da aka haɗa bayan shekara 10 yakan gauraya tsofaffin muryoyi da sabon sharhi.

5. Sababbin hanyoyi

An yi ƙoƙarin kai nema har cikin sautin. Cibiyar tarihin baka ta Louie B. Nunn, a Jami'ar Kentaki, ta ƙirƙiro tsarin OHMS, wanda ke haɗa kalma da mintin da aka faɗe ta, ta yadda mai nema zai faɗa daidai wurin. Taskar American Archive of Public Broadcasting, wadda ɗakin karatun majalisar Amurka da tashar GBH ta Boston ke kula da ita, tana amfani da na'ura mai mayar da magana rubutu, ta kuma nemi jama'a su taimaka da gyara. Gyaran dole ne, domin na'urar takan yi tuntuɓe a kan sunaye, da karin harshen da ba ta saba da shi ba, da hayaniyar taro, waɗanda su ne suka cika faya-fayan gwagwarmaya. Rubutun na'ura jagora ne zuwa wurin da za a saurara. Kafin a ɗauko magana a sa cikin nazari, sai kunne ya tabbatar da ita.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya ganin cewa nema a taskar sauti ya dogara ne ga rubutun da aka yi wa sautin. Wannan ya shafi cibiyoyin da ke ajiye faya-fayan adabin baka da tarihin baka, irin su CELHTO da IRSH a Yamai. Kati ɗaya yana iya cewa Zinder, wani ya ce Damagaram. Wani ya rubuta Tahoua, wani Tawa. Nijar tana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, kuma tsofaffin keken rubutu da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, don haka ƙasa ta koma kasa. Na'ura kuwa tana iya ɗaukar kowanne a matsayin kalma daban. Mai rubuta kati da ya sa cikakken sunan mai magana da laƙabinsa, da ranar ɗauka, da wuri a rubutunsa biyu, da jerin batutuwa tare da mintinsu, shi ne ya buɗe faifan ga masu zuwa. Faifan da katinsa bai ce kome ba sai «hira da wani tsoho», ko an juya shi an saka a intanet, babu wanda zai neme shi ya samu.